Sun Ba Ni Muryar Jaki

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya maigidanki da yara, da tawa 'Yar Baba? Ni lafiya lau, sai dai muryata ta ɗan dishe, don ɗakin ɗaukar murya sanyi gare shi kamar firji. Kada Inna ta ji.

Yaya, an ci mutuncina. Kin tuna fim ɗin zane na yara da za a nuna a talabijin, na makiyayan nan masu faffaɗar hula da dawaki? Wata uku ina yin muryar jarumin. Jiya darakta ya kira ni, ko kujera bai nuna min ba, ya ce, "Muryarka ta ƙauye ce. Ƙanin matata zai yi jarumin, kai ka yi jakin ɓarayin shanu."

Na ce, "Jaki?"

Ya ce, "Ai yara za su yi dariya."

Mutumin da bai taɓa riƙe igiyar saniya ba, shi zai nuna wa ɗan makiyayi yadda ake kiran shanu! Na so in ajiye aikin, amma takardar izinin zamana a ƙasar nan a hannunsu take. Haka na tsaya na yi ta kukan jaki, sau goma sha ɗaya, kafin ya gamsu.

Ga roƙona. 'Yar Baba ta gaya wa 'yan ajinsu babanta ne jarumin. Ki zaunar da ita ki faɗa mata gaskiya, kada ta fara ji a bakin yara. Idan ta yi kuka ki ƙyale ta, ni ma da na koma ɗaki sai da na yi nawa na mutane.

Allah ya saka miki da alheri.

Ƙaninki.