Maƙala ta Sha Bakwai

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da matarka da takwarata. Ya jikin? Allah Ya ƙara sauƙi.

Aiki na kawo maka. Jami'a ta sa sunana cikin waɗanda za a duba don kujerar farfesa. Kwamiti na son jerin duk maƙalun da na wallafa a mujallun kimiyya, kowace da shekararta da adadin masu binciken da suka kafa hujja da ita a nasu rubutun. Da wannan adadin suke auna mutum. Maƙalu sittin da uku ne. In na ba sakataren sashenmu sai ya jagwalgwala min su, kai kuwa shekara ashirin kana buga wa mutane takardu a shagonka, ban taɓa jin an dawo maka da aiki ba. Kwafinsu na cikin kwalin nan, tare da bayanin shafin intanet da za ka ga adadin. Ina so kafin ƙarshen watan gobe.

Aikinmu na tsoka yana nan yana tafiya. Ka ƙara haƙuri.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa daga ni da uwar takwararki. Ita takwarar taki ta shiga aji biyar, kuma bakinta naki ne sak, ba a kayar da ita a gardama.

Jiki da sauƙi, in ana kiran wannan sauƙi. Ƙafafu dai kin san sun daɗe da yin ritaya, yanzu kafaɗu ne ke neman takardar sallama. An ɗaga min teburin shago da bulo biyu don kekena ya riƙa shiga ƙarƙashi. Yatsu ne kawai ba su shiga yajin aikin ba.

Na fara aikinki, kuma kaina ya kumbura. Maƙala ta ashirin da huɗu, ta furotin ɗin jini, mutum dubu ɗaya da ɗari huɗu da sha biyu ne suka ambace ta. Na faɗa wa telan da ke jikin shagona, ya ajiye almakashi ya ce, "Ashe yayarka ta fi mawaƙa mabiya."

Sai dai akwai abin da ya tsaya min a rai. Turancina na mai buga takarda ne, amma kalmar tsoka na san ta kamar sunana, don shekara da shekaru ina ganin ta a katin asibiti. Da na jera maƙalun bisa shekara, sha bakwai na farko duk tana cikin takensu. Daga ta sha takwas har ta ƙarshe babu ita, jini ne kawai. Ita ta sha bakwai ɗin shekararta tara. Sau huɗu aka ambace ta, biyu ma ke ce da kanki.

Ko akwai wani kwalin da ba ki aiko ba? Ina tambaya ne don tabon nan biyu na cinyata suna nan, inda aka yanki tsokar da kika tafi da ita cikin kula mai ƙanƙara. Ranar Umma na kuka a bakin ƙofar asibiti, kina riƙe da hannunta kina cewa, "Ki ba ni shekara goma, zan tayar miki da shi."

Ki gaida ɗalibanki. Allah Ya ba da sa'a.

Autanku.

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Mako uku ke nan shiru. Na kira ba ki ɗauka ba.

Jiya na roƙi mai kantin magani na layinmu ya karanta min ta sha bakwai. Ya zauna a kan bencin kwastomomi ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Na ce, "Malam, faɗa min kawai." Ya ce an gwada wani magani a kan tsokar mutum uku, bai yi komai ba. Na biyun namiji ne ɗan shekara ashirin da tara. Na ce ya bar nan, na san shi.

Sai na miƙa masa ta ashirin da huɗu. Ya ce gwaji ne kika ƙirƙiro: in tsoka na lalacewa, furotin ɗinta na zuba cikin jini, daga yawansa likita zai ƙiyasta lokacin da ciwon zai kai ga tsokar numfashi.

Yaya, jinin da kike sa a ɗiba min duk shekara a aika miki, na wannan ne?

Auta.

*

Auta, ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagewa. Babu wani kwalin.

Shekara shida na yi a kan maganin nan. A jikin ɓeraye ya yi aiki, na gan su da idona suna hawa wayar keji bayan a da jan ciki suke yi. Da muka zuba shi a kan tsokarka, furotin ɗin da babu a jikinka bai fito ba. Na maimaita sau goma sha ɗaya. Na canza ruwan gwaji, na canza na'ura, har mai taimaka min na canza, don na ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ranar da na haƙura na zauna a ƙasa tsakanin firiza da bango, ban tashi ba sai da mai shara ta zo ta ce in ɗaga ƙafa.

Na rubuta gaskiya a mujalla, amma na kasa faɗa wa Umma. Lokacin tana kwance, kullum tambayarta ke nan. Na ce bari ta samu sauƙi. Da ta rasu na ce bari ka huce. Daga nan ƙaryar ta girme ni.

Babu mai ba da tallafi ga aikin da ya faɗi, sai na koma jini. Abin da ya fito kuwa shi ne gwajin da aka karanta maka. Likitoci na son sa, shi ya sa suke ambatonsa. Ana gayyata ta taro, ana tafa min, ana cewa na kawo ci gaba. Na shiga wannan fanni don in warkar da kai, na ƙare da ƙera ma'aunin da ke faɗa min saura nawa.

E, jininka na wannan ne. Ni nake auna shi da hannuna, ba na bari ɗalibi ya taɓa. Rabona da gidanka shekara huɗu, kuma ba aiki ne ya hana ni ba. Tsoro nake in zauna gabanka kana ba ni dariya alhali lambar da gwajin ya nuna na cikin kaina.

Ban san me ya sa na aiko maka kwalin nan ba. Wataƙila so nake ka kama ni.

Ka cire ta sha bakwai daga jerin, ba za ta ƙara min komai wurin kwamiti ba. Za su gana da ni ranar Alhamis ta ƙarshen wata. Ina fitowa zan kamo hanya, in ka yarda in shigo. Ka yafe min.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Kwana biyu ban buɗe shago ba bayan na karanta.

Ba rashin maganin ne ya fi yi min ciwo ba. Babur ɗina na nan a bayan ɗaki, duk wata sai na sa an tayar da shi an zuba masa mai, na hana a sayar. Uwar takwararki ta sha roƙona in koya mata aikin shago, ina ce mata, "Me za ki yi da shi? Yaya na dab da gamawa." Shekara tara ke nan da ya kamata in fara koya mata. Da kin faɗa min, da na yi kukana na wata guda na tashi na shirya gidana.

Na fara koya mata ranar Litinin. Da yatsa biyu take bugawa, kamar kaza na tsattsagar hatsi, amma ba ta kuskure. Rabin jerin nan ita ta buga, don hannun dama ya fara gardama.

Ga shi nan a haɗe: maƙalu sittin da uku, ambato dubu biyar da ɗari biyu da takwas. Ta sha bakwai ban cire ba. Da cinyata aka rubuta ta, ina da haƙƙi a ciki.

Kada ki rubuto min lambar. In kin zo kika ga ina so, zan tambaya.

Ban ce na huce ba. Amma ɗakin Umma a share yake, kuma ba a neman izinin shiga gidan ƙane. Ki je ki ci kujerarki tukuna.

Autanku.

*

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Matar Auta ce. Ki yi haƙuri da rubutuna.

Tun ranar Lahadi muna asibiti. Numfashi ne ya yi masa wuya, sun sa masa na'ura. Yana gane mutane, yana magana kaɗan kaɗan. Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa miki ba sai bayan Alhamis, wai kada hankalinki ya rabu a gaban kwamiti. Yau Talata. Na tambayi likita ko za mu kai Alhamis, ya ce in kira 'yan'uwa.

Na kira wayarki sau uku a kashe, shi ya sa na ba direban motar safe wannan ya kai miki ofis hannu da hannu. Shekara sha uku ban taɓa saɓa masa ba sai yau.

Ban san abin da zan ce ki yi ba, ke ce babba. Muna hawa na biyu, ɗaki na huɗu, gadon jikin taga. Wuyansa ba ya juyawa yanzu, amma duk wanda ya turo ƙofa sai ya kai idonsa wurin.

Ƙanwarki.