Manomi a Kan Katakon Aduwa

Makarfi, 4 ga Afrilu, 1953

Zuwa ga Baffa Sambo a Taba,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fatan kana lafiya, da Inna Hajo da mutanen gida duka.

Bayan haka, Ashafa mai jaki ya gaya mini ka naɗe wuƙaƙenka cikin tsumma, ka rantse ba ka ƙara zana ƙwarya, tun da mata sun koma kwanukan kanti. Wallahi abin ya dame ni. Shekara hamsin hannun nan yana aiki.

Ga roƙona. A Zariya na ga ana sassaƙa hoto a katako, a shafa tawada, a ɗora takarda a danne, hoton ya fito sau ɗari. Ina son hoton manomi da fartanya don ajin manya da nake koyarwa. Ga katakon aduwa nan, irin na allo, busasshe, na goge shi da yashi. A ƙwaƙule gefe, a bar layukan a tsaye, domin abin da aka bari shi ke ɗaukar tawada.

Ɗanka, Tukur

Taba

Tukur,

Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ashafa bakinsa ya fi jakinsa sauri.

Kai da ka yi boko jiya, yau kake koya mini riƙon wuƙa? Tun ana goyon ubanka Musa, Allah ya jiƙansa, nake wannan aiki. Na yi maka don kada a ce na hana ɗan ƙanena abu. Aduwarka tauri gare ta, ta ci mini bakin wuƙa biyu. Wannan ne na ƙarshe, kada ka sake aiko mini da komai.

Allah ya yi maka albarka.
Sambo

Makarfi, 2 ga Mayu, 1953

Baffa,

Gaisuwa da ban girma. Katako ya iso, na kwance shi na duba. Ka yi shi yadda kake yin ƙwarya, ka ƙwaƙule layukan ka bar gefe, akasin abin da na roƙa. Na ce shi ke nan, katako ya tafi a banza.

Duk da haka na dama tawada ta kunkunniya da ƙaro, na yi ta da kauri don kada ta gangara cikin zanen. Na shafa, na ɗora takarda, na murza da gindin ludayi. Da na ɗaga, takardar baƙa ƙirin, manomin kuwa ya fito da fararen layuka sirara kamar zare. Har jijiyar hannunsa ana gani, har tsagewar diddige. Na Zariya da injinsu ba su kai nan ba, kuma ba don kai Baffana ne na faɗa ba. Na buga talatin, dattawan ajin suka kwashe, wani ya ce mutanen Gazara ma za su so.

Amma akwai abin da ban sani ba sai yau. Katako yakan juya hoto, dama ta koma hagu. Manominka da hagu yake riƙe da fartanya. Wani tsoho ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Malam, ai wannan Musa Bahago ne na Taba. Ga wuyansa nan, ga yadda yake duƙawa." Ina shekara uku mahaifina ya rasu, Baffa, ban taɓa sanin kamanninsa ba. Na fita bayan aji na yi kuka.

Da gangan ka yi?

Ɗanka mai biyayya, Tukur

Taba

Tukur,

Muna lafiya. Da fartanya a hannun dama na sassaƙa shi, don kada kowa ya gane, har ni kaina. Ashe katako ba ya rufa asiri.

Aiko mini da takarda ɗaya in gan shi. Ka haɗo da wani katakon, mai faɗi. Ba ka san fuskar kakarka ba ita ma.

Allah ya tsare.
Sambo