Kada Ki Zubar da Baƙaƙen Hotunan Kaka

Zuwa ga Goggo Damata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce da girmamawa daga ɗiyarki Fauzia a Landan. Ina fatan ƙafar nan ta yi sauƙi, kuma iskar teku ba ta tayar miki da tari ba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Yara suna nan kalau, sai dai in na yi musu Hausa su amsa da Turanci, kamar ni ce baƙuwa a gidan.

Goggo, ki yafe mini gajarta gaisuwa, hankalina ba a kwance yake ba. Na kira wayarki har na gaji, ba ta shiga, shi ya sa na ba ɗan'uwanmu Abdul-Basit wannan takarda tunda zai zo gida Sekondi. Yayanki, Baba Inusah, har yanzu yana asibiti a Camberwell, kuma likitoci sun daina maganar sallama. In na tashi aiki sai in hau bas in tafi wurinsa, in zauna, in miƙe, in sake zama, na rasa inda zan sa kaina.

Zubaida ta gidanku ce ta gaya mini a waya kuna gyaran ɗakin Kaka Abdul-Nasir za a sa ɗan haya. Wai kin buɗe akwatin ƙarfensa kin ware hotuna masu kyau, sauran baƙaƙen nan masu kama da leda, waɗanda fuskar mutum ta fito fari fat, kin ce lalatattu ne, kin tara su a kwali za a kai bola. Wayyo Goggo! Ina kan titin Old Kent Road na ji wannan labari. Wallahi ba lalatattu ba ne. Su ne fim ɗin, daga jikinsu ake wanke hoto, kuma akwai shago a nan da zai fitar da su tas.

Ban ga laifinki ba, abin ya faru tun kafin a auro mahaifiyarki. Kaka tela ne, kin sani. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya kawo masa ɗinki, ya bar masa kyamara, shi ke nan Kaka bawan Allah ya zautu a kanta. Da hantsi sai ya bar keken ɗinki ya gangara bakin teku, yana ɗaukar masunta suna jan taru, da mata masu ƙyafe kifi. Ya toshe tagarsa da bargo don kada haske ya shiga, ya kwashe kwanonin miyar gida ya zuba magungunansa na wanke hoto. Duk wanda ya ɗauka kyauta yake ba shi hotonsa. Mutanen unguwarmu ta zango suka yi ta masa dariya, amma ranar salla su ne a layi a ƙofar gidansa.

Mutum ɗaya ce ta ƙi, Inna Karimatu, mahaifiyar Baba. Kunya gare ta, ta ce ba za ta tsaya namiji ya ƙura mata ido ta cikin akwati ba, ko da mijinta ne. Wata rana ya hango ta tana cinikin kifi, ya ɗauke ta ba ta sani ba. Da ya gaya mata ta yi fushi, ta sa ya yi alkawarin ba zai wanke ba. Bai kuwa wanke ba, har ta rasu Baba yana ɗan yaye, har shi Kaka ma ya bi ta. Kaka da bakinsa ya ba Baba labarin. To kin gani, ba ta cikin masu kyaun da kika ware. Tana cikin kwalin nan.

Na tambayi Baba batun alkawarin. Ya ce tsakaninsu ne su biyu, shi babu wanda ya yi shawara da shi, ga shi ya tsufa bai san fuskar uwarsa ba. Sai na fita waje na yi kukana.

Don Allah ki ba Abdul-Basit kwalin gaba ɗaya. Kada ki tsaya zaɓe, kada ruwa ya taɓa su. In ma an riga an kai bola, a je a tono, ni na roƙa.

Ki gaida Kawu Abdul-Nasir ƙarami, da Zubaida, da Fadilatu da maigidanta. Jiya Baba ya daɗe yana kallona, sai ya tambaye ni ko ina ganin da Inna Karimatu nake kama. Na ce masa za mu gani. Goggo, ki yi sauri mu gani tare da shi.

Ɗiyarki,
Fauzia Inusah