Jar Ƙasar Harobanda a Zanen Patirik

Zuwa ga aminina Patirik,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Bayan haka, ina nan unguwarmu Banifandu. Ƙafa ta ƙi, ido ma ya fara bin sawunta.

Ɗiyarka ta zo Yamai. Ta ce tun rasuwarka take bin zane-zanenka gida gida, tana son ta tara su wuri guda can Irland. Ta roƙi wanda ka ba ni.

Ka tuna sa'ad da muke koyarwa a lakwal ɗaya, ni lissafi, kai Ingilishi. Da rani ba ka taɓa buroshi. Kana cewa sama marar gajimare ba ta da abin faɗi. Sai hadari ya haɗu ka ja ni mu ƙetare gada zuwa Harobanda, in riƙe maka lema, kai kana kallon kogi kamar mai jiran baƙo.

Akwatin fentinka cike yake da kore iri-iri na tuddan ƙasarku, amma babu jan da ya yi kama da namu. Sai ka ɗebi ƙasar bakin kogi, ka tankaɗe da rariyar matata Hajara, ka kwaɓa cikin fenti. Marigayiya ta yi faɗa kan rariyar. Amma ta yarda a rataye zanen a ɗaki, don babu mai rai a ciki, mala'iku za su shiga.

To, ƙasar nan ce take zuba daga zanen yanzu. Kowace safiya ina tarar da garinta a gindin bango. Rabin gaɓar kogin da ka zana ya tafi. Ɗiyarka ta ce can akwai masu gyara, nan kuwa zafi zai cinye shi.

Na daɗe ban ba ta amsa ba. Yara sun watse, abokai sun riga ni. Bayan la'asar zanen nake zama in fuskanta, ko da yake duhu-duhu da ja kawai nake gani. Na so in ce ta jira in mutu. Sai na ga ni da shi tsere muke, kuma ban tabbata ni zan riga ba.

Jiya na ce ta ɗauka. Ni na riƙe mata kujera ta hau ta sauke shi. Ban raka ta ƙofa ba, Patirik, ka yi mini uzuri. Na gaji.

Allah da ya halicci abin da ka ƙare rayuwarka kana kallo, shi ya san zuciyarka, gare shi na bar ka. Ni kuma ya sa in cika da imani.

Amininka,
Mushe Isufu, kamar yadda 'yan lakwal ke kirana