Ranar da Baba Ya Tambayi Zarifa

Namangan, ranar Talata

Zuwa ga Yayana Otabek,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a Masko, Allah ya ƙara rufin asiri. Mama lafiyarta lau, ɗana Sardor ya fara tafiya, yana ta ɓarna a tsakar gida.

Yaya, ka yi haƙuri, Baba ya san cewa ciwon daji ne. Ka ce mu gaya masa gyambon ciki ne, muka bi maganarka wata biyu. To, da jiki ya ɗan yi sauƙi, sai ya ƙi komawa asibiti a yi masa ƙarin magani na uku. Wai wa zai bar kurangar inabi a waje saboda gyambo, ga sanyi ya ƙarato ba a binne ta a ƙasa don kada ƙanƙara ta kashe ta ba? Na yi magiya har na gaji.

Yanzu a asibitin kowane majinyaci da nas ɗinsa guda, mai bin lamarinsa tun daga ranar farko. Tamu Zarifa ce. Da ba ta ga Baba ba sai ta kira ni, washegari sai ga ta a gona da jakarta. Ta ja ni gefe ta ce ita ba za ta fara gaya masa ba, amma in ya tambaye ta, wallahi ba za ta yi wa dattijo ƙarya ba. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma san gaskiyarta.

Baba ya zuba mata shayi, ya tsokane ta wai ko likitoci sun rasa aikin yi ne suke turo mutum har gona kan gyambo. Sai ya ajiye kofi ya ce ta dubi Allah ta faɗa masa abin da ke cikinsa. Ta faɗa, ta kuma nuna masa cewa irin nasa yana jin magani in ba a tsallake ba. Sai ya ce a nemo mota. Jiya aka yi masa ƙarin, ya ci abinci, maƙwabta kuma sun binne inabin. Ashe ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mama da Inna Mohira suna gaishe ka, ka gaida Jasur abokin aikinka. Ka kira Baba, yana jira. Amma ya ce in ba za ka kira ciwon da sunansa ba, kada ka wahalar da kanka.

Ƙanwarka,
Dilnoza