Rajistar kwangilata ta tsaya a kan sa hannun ɗan farina

Assalamu alaikum admin da jama'ar wannan zaure, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne, na haura sittin da biyar, kuma ban saba kai kukana gaban mutane ba.

Ni magini ne. Na fi shekara talatin ina yawon gini, Jidda, Libiya, Kumasi, Garwa ta Kamaru, kafin na dawo ƙauyenmu a ƙasar Tsanyawa. Duk inda na je mai takarda daban, mai zuba kankare daban. A Jidda sunan wani Balarabe ne a jikin allon aiki, a Garwa na wani Bafaranshe, mu dai mu gama mu ɗauki jaka. Abin bai taɓa damuna ba, don a gida in an ce ginin wane ne magana ta ƙare.

Akwai rafi tsakanin garinmu da hanyar kasuwa. An taɓa yi mana kwalbati, ɗan kwangilar ya zo da rani ya auna inda ya ga yashi, na ce masa ba nan ruwan yake karyawa ba, can gindin tsamiya ne, sai ya tambaye ni ko ina da takarda. Damina biyu ta yi ta rufta. Tun daga nan in ruwa ya sauka mota ba ta shigowa, mai naƙuda sai a amalanke a zagaya da ita ta gonaki. Bana aka ce za a sake ta, mai gari da liman suka ce ni suke so. Na je sakatariya aka ce sai mai rajistar ɗan kwangila. Na yi rajistar kamfani, na samo takardar haraji, na cike fom, saura abu ɗaya, sai an ga injiniya mai satifiket a kamfanin da sa hannunsa. Alhamis mai zuwa za a rufe karɓa.

To injiniyan ina da shi, ɗan farina ne, yana aiki a birni. Ana yaye shi Yayana ya ɗauke shi kamar yadda ake yi a gidanmu, kuma sunan mahaifinmu ya ci, sai kunyar ta zama biyu. Shekararsa talatin da takwas, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In ya durƙusa gaishe ni, gefe nake kallo in ce lafiya lau, shi ke nan. Ranar da ya gama jami'a ina Kumasi, rago na yanka wa leburorina don murna, amma Yaya na buga wa waya ba shi ba. Na ga Larabawa suna sumbatar goshin ɗan fari, har da sunansa ake kiran uban, a lokacin ina yi musu kallon marasa ta-ido.

Don haka Yaya na aika, kamar kullum. Ya dawo ya ce yaron zai sa hannu, har zai riƙa zuwa duba aikin, amma sai in ni na gaya masa da bakina. Na fusata na ce wannan fitsara ce, Yaya ya ce shi ma ya yi masa faɗa, sai yaron ya ce shi bai raina al'ada ba, amma babbar 'yarsa ta tambaye shi laifin me ya yi wa Alhaji, wato ni, da ba ya kula shi. Muka yi sa-in-sa da Yaya, ya ce shi ya gaji da zama ɗan aike tsakanin mutum da ɗansa, in nemi wani.

Wani mai shagon fotokofi ya ce in kawo kwafin satifiket ɗin yaron, shi ya san yadda zai yi da sa hannun, wai kowa haka yake yi. Wallahi na karɓo kwafin a wajen matar Yaya, kwanansa huɗu a aljihuna. Na kuma san in asiri ya tonu lasisin yaron ne zai tafi ba nawa ba. Jiya na hau mota har birni, na tsaya a ƙofar gidansa, ga motarsa a ajiye, ina jin muryar yara a ciki, na juyo na koma tasha. Ni da na roƙi baƙi aiki da Larabci da Faransanci da Fulatanci ban taɓa jin nauyin baki ba.

Jama'a ya zan yi? In haƙura a ba wani, ina kallo ya sake kafa kwalbatin a kan yashi? Ko in miƙa wa mai fotokofi in yi ta istigfari? In kuwa komawa zan yi, don Allah ku da kuka saba hira da 'ya'yanku ku gaya min, in ya buɗe ƙofar nan ya durƙusa, me zan fara ce masa? Ko a wayata "Na Yaya" na rubuta a kan lambarsa.