Bangon Ɗakin Mahaifiyarka

Zuwa ga ɗana, ɗan ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan sai godiya. Ƙafar tawa ta yi sauƙi, har ina takawa bakin titi ba sanda.

Dalilin rubutowa shi ne bangon ɗakin mahaifiyarka, wanda tsagewarsa ta kai a zura hannu. Na ji ka ce kada a taɓa shi, domin baffanka ƙarami, wanda kuke kira Lasifika, ya tabbatar maka ta waya cewa zai shekara ashirin bai motsa ba. Na san abin da ke ranka: marigayi mahaifinka ne ya gina ɗakin da hannunsa. Ni ma ƙanena ne, ban manta ba.

A zaman da muka yi, Lasifika ya bugi ƙirji, ya rantse, ya ce duk mai tsoron bangon nan bai san gini ba. Goggonka kuwa, kanta a sunkuye, cewa kawai ta yi tana ganin kamar akwai haɗari, amma wataƙila ta yi kuskure. Da na ga ƙarfin murya na neman rinjayar taron, sai na ce madalla, tunda damina ta kawo kai, shi ya koma ɗakin da kwana, mahaifiyarka ta koma nasa. Nan take ya tuna cewa gadonsa ba zai shiga ƙofar ba. Na ce akwai gado a ciki. Ya ce katifar ba ta yi wa bayansa. Sai da surukan gidan suka fita tsakar gida don su samu damar dariya.

Ita kuwa mai cewa wataƙila, daga baya na gano tun ruwan farko take janye mahaifiyarka zuwa ɗakinta. Ta bar mata gado, ita tana kwana a tabarma da tsufanta, ba ta faɗa wa kowa ba.

Saboda haka na yanke shawara: magini zai sauke bangon kafin ruwa ya kankama, a mayar da ƙofa da tagar da mahaifinka ya sa inda suke. Ina neman yardarka, amma ba zan jira ruwan sama ya ba ni amsa ba. In kuwa har yanzu kana kan ra'ayin baffanka, gadon yana nan a shimfiɗe, ka zo.

Mahaifiyarka da goggonka suna gaishe ku. Lasifika ma yana gaisuwa, a hankali wannan karon. Ka shafa mini kan yaran.

Naka har kullum,
Baffanka babba